MacBook Air da tsohuwar ThinkPad: wacce ta ci kuɗinta a hannuna

Ƙanwata ce ta jawo wannan rubutun. Ta samu gurbin karatu a jami'a, sai ta kira ni da daddare tana cewa "Yaya, don Allah wace laftof zan saya, ƙawayena kowa MacBook yake cewa, shi kuma Baba ya ce kuɗin ya yi yawa." Na fara yi mata bayani har katinta ya ƙare ban kai rabi ba, shi ne na ce bari in zauna in rubuta abin da na gani da idona a kan kwamfutoci uku da suka ratsa ta hannuna, tunda sana'ata kenan, ina buga takardu da shirya littattafai, wani lokacin kuma ina haɗa bidiyon biki, kwamfuta ce gonata.

Ta farko ba zan kama sunan kamfaninta ba, amma kowa ya san irinta. Sabuwa dal a kwali, da ledarta da ƙamshinta, kuɗinta kuma kamar kyauta idan ka kwatanta da sauran. RAM ɗinta, wato ƙwaƙwalwar da ke riƙe aikin da ake kan yi, giga 4, ma'ajiyarta giga 64 irin wadda ake kira eMMC, wato kusan irin ƙwaƙwalwar da ke cikin ƙananan wayoyi. A lokacin ban san ma'anar waɗannan lambobin ba, ni dai na ga sabuwa ce na ɗauka. Wallahi cikin wata biyu na gane kurena. Windows 11 kanta mafi ƙarancin abin da take buƙata shi ne RAM giga 4 da ma'ajiya giga 64, ka ga kenan na'urar tana bakin iyaka tun kafin ka sa mata komai, ka buɗe Chrome da shafuka biyar ka ƙara da Word sai ta tsaya cik tana tunani, kai ma ka zauna kana kallonta, kwastoma kuma yana tsaye a kanka yana duba agogo. Sabuntawa ta zo ta ce babu wuri. Kafin shekara ta zagayo maƙalin murfin ya fara ɓallewa daga jikin roba, kullum sai na riƙe gefen da hannu ɗaya kafin in buɗe. Da na kai ta wajen mai gyara a kasuwar Farm Centre da ke Kano ya buɗe bayanta ya nuna mini, ya ce "Malam, wannan ai komai a manne yake, ba a ƙara mata RAM, ba a canza ma'ajiya, haƙuri kawai." Ranar na ji ciwon kuɗina sosai, don gumina ne, ba tsintarsu na yi ba. Hausawa suka ce araha ba ta ado, a kan wannan na'urar na yarda da maganar.

Shi wannan mai gyaran ne ya ba ni shawara in nemi ta hannu irin wadda manyan kamfanoni a Turai da Amurka suke saya wa ma'aikatansu, su yi aiki da ita 'yan shekaru su sauya, sai a kwaso a kawo mana nan a matsayin tokumbo. Na sayi ThinkPad T480, wadda Lenovo ta fitar a 2018. Ba ta da wani kyau, baƙa ce kamar akwatin ƙarfe, gefenta ɗaya ma da ɗan ƙarce, ga jan ɗigon nan a tsakiyar kibod da suka gada tun zamanin IBM kafin Lenovo ta saye wannan ɓangaren a 2005. Amma abin da mutane ba sa lura da shi shi ne, ita ma fa ranar da ta fito mai tsada ce, ba a yi ta don a karya farashi ba, an yi ta don ma'aikacin da zai riƙa jefa ta a jaka kullum. Tsadar wani ya riga ya biya, kai ka zo ka samu ingancin a kuɗi kaɗan.

A nan zan ɗan daɗe don wannan na'urar ta riƙe ni amana. Tana da gurbin RAM guda biyu, na same ta da giga 8, da na samu ɗan kuɗi na ƙara ta koma 16, aikin bai kai minti goma ba, kwance 'yan sukurori ne kawai a ɗaga bayan. Ma'ajiyar ma na canza na sa SSD mai girma, wato irin ma'ajiyar nan mai sauri. Batir biyu gare ta, ɗaya a ciki ɗaya a waje wanda za ka zare da hannu ka sa wani ba tare da ta mutu ba, kuma akwai babba mai awa-wat 72 da yake ɗan ɗaga bayanta sama, a ƙasar da NEPA ke ɗauke wuta ba sallama wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ramuka kuwa kamar an san halinmu, na filas irin na da guda biyu, na HDMI, na wayar intanet, na katin kyamara, ga USB-C da take caji da shi. Duk firintar da na tarar a shagon mutane ko majigi a wurin taro sai dai in soka kawai. Kibod ɗinta kuwa har yau ban taɓa wanda ya kai shi daɗin bugu ba, na buga littafi mai shafi sama da 200 a kansa yatsuna ba su yi tsami ba. Kuma idan ya lalace ana cire shi a sa wani, kayanta ko'ina akwai a kasuwa.

Amma ba zan ɓoye inda ta gaza ba. Sikirin ɗin bai da haske sosai, idan ka zauna a waje da rana sai ka yi ta karkata kai, launukan kuma ba su fita yadda mai aikin hoto yake so. Lasifikarta sai a hankali. Sannan tana da fanka, fanka kuma iska take ja, iskar Kano lokacin hunturu kuwa ƙura ce zalla. Bayan hunturu biyu na ji tana huci tana zafi, na kai aka buɗe, abin da mai gyara ya ciro da ɗan burushi daga bakin fankar kamar audugar katifa, ja-ja-ja da ita, ya share ya sa sabon man sanyaya firosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke sarrafa aikin na'urar, ta dawo daidai. Ba laifinta ba ne, yanayinmu ne, amma dole ka san cewa hidima ce da za ka riƙa yi.

Da aikin bidiyo ya fara yawa ne na yi ta maza na sayi MacBook Air mai firosesar M1, wadda Apple ta fitar a Nuwamba 2020 a kan dala 999 a Amurka. Kuɗin da na biya zai sayi irin ThinkPad ɗina biyu har da canji, kuma kowa ya san yadda naira ta faɗi tun daga tsakiyar 2023, duk abin da aka yi wa farashi da dala sai da ya yi tashin gwauron zabi. Na kwana biyu ina juya maganar kafin in cire kuɗin.

Gaskiya ɗaya ce, akwai abubuwan da ta yi mini waɗanda ba su da na biyu. Batir shi ne na farko. Apple ta ce tana kaiwa awa 15 ana yawo a intanet, ni dai ban auna da agogo ba, amma na sha fita da safe ban ɗauki caja ba in dawo bayan magariba da saura. Akwai ranar da aka ɗauke wuta tun daren jiya, man janareta ya yi tsada, ga bidiyon ɗaurin aure da na yi alkawarin miƙawa da la'asar, na zauna a tsakar gida ƙarƙashin darbejiya na gama shi tsaf a kan batir, amarya ta samu kayanta a kan lokaci. Cajarta ma wat 30 ce kacal, ƙaramin sola ko fawa bank mai ƙarfi yana ɗaukarta. Na biyu, ba ta da fanka kwata-kwata, ba ƙara ba huci, ba kuma inda za ta zuƙi ƙura ta tara a ciki. Sikirin ɗin ya fi na waccan nesa ba kusa ba, kalar atamfa da leshi suna fitowa yadda suke a ido, wanda ga mai haɗa bidiyon biki magana ce babba domin mata suna lura da kalar ankonsu fiye da komai. Nauyinta bai kai kilo ɗaya da rabi ba, sai ka manta tana jaka.

To amma ga inda tsadar ba ta tsaya a ranar saye ba. RAM da ma'ajiya duk a manne suke, abin da ka saya da shi za ka zauna har ƙarshe, tawa giga 8 ce da ma'ajiya 256, kuma bidiyon biki biyu uku sun isa su cika ta, dole na ƙara sayen ma'ajiyar waje. Apple da kanta daga ƙarshen 2024 ta mayar da giga 16 mafi ƙaranci a Air, wannan ya nuna maka 8 ɗin ta fara matsewa. Ramuka biyu ne kawai na USB-C sai na iyafis, filas ɗin kwastoma ba ya shiga sai da adafta, ita ma kuɗi ce, in ka manta ta a gida kuma aiki ya tsaya. A watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40, idan na daɗe ina fitar da dogon bidiyo tana rage gudu da kanta don ta huce tunda ba fanka. Sai maganar gyara, wadda ita ce ta fi tsaya mini a rai. Apple ba ta da shago nata na kanta a Najeriya, sai dillalai, kuma idan tsautsayi ya sa sikirin ya fashe ko shayi ya zube a kibod, kuɗin gyaran kaɗai zai iya sayen wata laftof ɗin ta hannu. Shi ya sa nake riƙe ta kamar ƙwai, yara ba sa zuwa kusa da ita, ThinkPad kuwa har aro nake bayarwa hankalina kwance.

Akwai kuma abin da ɗalibai ya kamata su sani tun kafin su biya. Wasu manhajojin Windows kaɗai suke yi, irin su Revit na masu zanen gini da ArcGIS Pro na masu taswira, kuma a Mac mai M1 babu Boot Camp ɗin da ake sa Windows kai tsaye kamar a tsofaffin masu Intel. Na san ɗalibin da ya sayi Mac da kuɗin da mahaifiyarsa ta tara, ya zo aji uku ya koma yana aron kwamfutar abokinsa don yin aikin makaranta, abin ya ba ni tausayi ƙwarai. Ka tambayi 'yan gaba da kai a sashenku me suke amfani da shi kafin ka je kasuwa.

Idan ta hannu za ka saya, ko wacce iri ce, kada kunya ta hana ka bincike a gaban mai shago. A Mac ka tabbata an cire asusun iCloud, wato asusun Apple, na mai ita na farko, kuma ba ta ƙarƙashin kulawar wani kamfani, don idan a kulle take ka sayi ƙarfe ne kawai, sannan ka duba sau nawa aka caja batir, Apple ta ƙiyasta shi a kan zagaye 1000. A ThinkPad ko EliteBook ta HP ko Latitude ta Dell ka shiga BIOS, wato saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi, ka ga babu fasuwod, ka duba sikirin ɗin 1920 da 1080 ne ba ƙaramin nan mai 1366 da 768 ba, don T480 ta zo da duka biyun kuma bambancinsu a ido babba ne. Firosesa kuma kada ya gaza Intel zubi na 8, saboda Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, firosesocin da suka girmi zubi na 8 kuwa akasarinsu ba sa cikin jerin da Windows 11 ta amince da su. Masu shago da yawa har yanzu suna tura wa mutane zubi na 6 da na 7 da kuɗi mai kauri, wanda bai sani ba sai ya ɗauka ya tafi yana murna.

Ni a wajena Mac ɗin ta biya kuɗinta, amma don tana kawo mini kuɗi ne, batirinta da sikirin ɗinta kullum ina cin moriyarsu a aikin da ake biyana. Da buga takardu kawai nake yi da kallon darasi a YouTube, wallahi da ban saya ba, don a Word da Excel ban ga wani abin da take yi wanda ThinkPad mai RAM 16 ba ta yi ba. Har gobe idan dogon rubutu ne baƙar nake jawowa.

Ƙanwata dai ilimin tattalin arziki za ta karanta, aikinta rubutu ne da Excel da ɗan lissafin alƙaluma. Ranar Asabar muka shiga kasuwa tare, muka duba T480 guda huɗu kafin mu samu mai sikirin mai kyau da batir mai rai, aka ƙara mata RAM a gabanmu. Da farko ta ɗan ɓata rai, ta ce "Yaya, wannan ai ta maza ce, ko kyau babu." Na ce ta yi haƙuri ta riƙe ta zangon karatu ɗaya mu gani. Ragowar kuɗin Baba ya biya mata na ɗakin kwana da shi, muka saya mata jaka mai soso a ciki da ƙarin batir guda ɗaya.