Gyaran ƴar shawar gefen sinki a Kubwa: yadda aikin ya kasance

Assalamu alaikum ƴan uwa. Masu irin famfon kicin ɗin nan mai ƴar shawa a gefe, wadda ake jawowa da tiyo a ɗauraye tukunya ko ganye, da ku nake. Tawa ta daɗe tana tsiyaya kawai, yanzu an gyara ta, kuma gaskiya na ji daɗin aikin duk da akwai inda mai gyaran ya ɓata min rai, zan faɗi duka.

Yadda matsalar take shi ne, in na buɗe babban famfo ruwa na zuwa lafiya lau, amma da na danna shawar sai wani siririn ruwa ya fito ta ƴan ramuka kaɗan sauran duk a toshe, kuma babban famfon ba ya ɗaukewa, yana ta zuba rabi nan rabi can. Ko ƙanzon shinkafa ba ta iya ɗagawa, alayyahu da latas kuwa sai dai in koma wankewa a roba.

Wanda na fara kira ko durƙusawa bai yi ya leƙa ƙasan sinkin ba, danna abin kawai ya yi ya ce Hajiya firesha ne babu, sai an sa injin ƙara ƙarfin ruwa ko a canza famfon gaba ɗaya. Raina bai kwanta ba wallahi, don in ƙarfin ruwan gidan ne matsalar ai babban famfon ma da ya nuna, tunda bututu ɗaya ke ba su ruwa. Na ba shi kuɗin mota na sallame shi.

Na biyun maƙwabciyata ce ta haɗa ni da shi, dattijo ne ba mai yawan magana ba. Bokiti da tsumma ya fara tambaya, ya sa muka kwashe duk tarkacen ƙasan sinki, nan ya nuna min tiyon ya lanƙwashe a bayan jarkar mai, ya miƙar da shi, ya duba ƙananan bawul biyun da ke jikin bango ko a buɗe suke har ƙarshe. Sai ya kwance kan shawar ya riƙe tiyon zalla a cikin bokiti ya ce in buɗe. Wannan gwajin ku riƙe shi don ba ya buƙatar ko sufana: in ruwa ya fito da ƙarfi daga tiyon to kan ne ya toshe, wanki kawai yake so, in kuma ya fito a raunane to matsalar tana can baya. Nawa a raunane ya fito. Ya ce Hajiya kin gani, ba kan kaɗai ba ne, akwai abu a ciki.

Daga nan ya rufe ruwa, ya cire hannun famfon da ɗan makullin alenki, ya kwance zoben, ya zare wuyan famfon sama, sai ga wani ɗan abu da bai wuce kan ƙaramin yatsa ba a jikin famfon, shi suke ce wa dayibata. Aikinsa shi ne juya ruwa, da kin danna shawar ƙarfin ruwan ɓangaren tiyo ya sauka sai shi ya motsa ya toshe hanyar babban famfo ya tura ruwan duka gefe, in kin saki ya koma. To in datti ya riƙe shi a tsakiya ba ya rufe can ba ya buɗe nan, shi ya sa ruwana ke rabuwa biyu. Ya ɗora shi a kan farin faranti ya kira ni in gani, yashi ja-ja kamar garin yaji ya cika lungunansa, ga wani farin abu da ya daskare a jiki, robar bakinsa kuma ta tsage ta gefe ɗaya. Abin da na fi so kenan a aikinsa, duk abin da ya ciro sai ya nuna min kafin ya yi maganar kuɗi.

Yashin daga bohol ne. Waɗanda ke kan layin ruwan gwamnati daga Dam ɗin Usuma nasu ruwan ya riga ya bi ta matata kafin ya iso, mu kuwa daga ƙasa sai tanki, daga tanki sai kicin, kuma duk sanda tanki ya kusa ƙarewa lakar da ta kwanta a gindi ce ke biyo bututu. Ya jiƙa kan shawar a ruwan khal rabi da ruwa rabi, ya goge da tsohon buroshin haƙori ya bi ramukan da allura ɗaya bayan ɗaya. Khal yana narkar da farin abin nan ne kawai, yashi kam sai an ɗauraye shi ya fita, kuma ya ce kada a bar kan ya kwana a ciki don ƙyallin jikinsa na iya dushewa. Kafin ya mayar da komai ya saki ruwa a tiyon cikin bokiti har sai da ya fito garau.

Inda muka samu matsala shi ne neman sabon dayibata, tunda nawa wanki ba zai gyara tsagar roba ba. Kowane kamfani da irin nasa, ba a sa na wani a wani, dole a tafi da tsohon a hannu a gwada. Ya tafi kasuwar kayan gini ta Dei-Dei, ya ce masu shago da yawa famfo guda suke son sayarwa ba ɗan abin ciki ba, sai da ya zaga sosai ya samu. Wannan ban ga laifinsa ba. Laifinsa shi ne ya bar min famfo a kwance kicin ba ruwa, ya ce zai dawo bayan azahar, bai zo ba kuma bai kira ba sai washegari da hantsi, da yara a gida da girkin dare wannan ba ƙaramin abu ba ne, da ya mayar min da tsohon na wucin gadi ko ya ɗaga waya ai da na san abin yi. Na faɗa masa, ya ba da haƙuri.

Yanzu in na danna, babban famfo na ɗaukewa ɗif kuma ramukan duka na fesawa. Amma fa bai yi min ƙarya cewa za ta yi ƙarfi irin na otal ba. Ruwan tanki ƙarfinsa daga tsawo yake, kowane mita 10 na tsawo yana ba da kusan bar 1 (bar ma'aunin ƙarfin ruwa ne), tankinmu kuma bai kai haka sama da sinki ba, alhali irin waɗannan famfunan a Amurka ana auna su ne a kan psi 60, wato wajen bar 4. Don haka wanda gidansa ba bene ba ne kuma ƙarfen tankinsa gajere ne, in duk famfunan gidan ne ba ƙarfi, shi ne maganar inji ta shafa. Ni dai abin da nake samu yanzu ya ishe ni wanke-wanke da ganye.

Kuɗin aikin da na dayibata duka bai kai rabin kuɗin sabon famfo mai kyau ba, balle inji da wutar da zai riƙa ci. Zan sake kiransa, amma zan ce ya zo da safe kuma kada ya kwance komai sai kayan na hannunsa. Na kuma sa ya ɗaura min filta a bututun da ke saukowa daga tanki, mai gilashin roba da ake ganin ciki, har ta fara yin ja. In za ku sa taku ku ce a sa mata bawul kafin ta, don ku iya cirewa ku canza abin cikin ba sai an hau an rufe tanki ba.