Gargaɗi kan masu tallar maganin "warkar da" ciwon hanta da hafis

Jama'a su yi hattara da wasu mutane da suka cika Facebook da WhatsApp da TikTok suna ikirarin cewa suna da jiƙo ko garin magani da ke kawar da ciwon hanta nau'in B da cutar hafis (herpes, mai fito da ƙuraje a baki ko al'aura) baki ɗaya cikin mako biyu ko uku. Salonsu kusan iri ɗaya ne. Za a ga wata mata ko wani mutum da ba a san asalinsa ba ya rubuta doguwar shaida a ƙarƙashin wani labari da bai da alaƙa da lafiya, yana godiya ga wani "dakta" da ya cece shi, sannan ya ajiye lambar waya. Da zarar mutum ya yi magana, sai a nemi kuɗin magani, bayan kwana biyu a nemi kuɗin aikawa, daga baya kuma a ce kaya sun maƙale sai an biya kuɗin fito. Wasu ma jarkar tana isowa, babu sunan abin da ke ciki, babu ranar da zai lalace.

Abin da ke taimaka wa waɗannan 'yan damfara shi ne halin cututtukan kansu. Ƙurajen hafis, na baki ko na al'aura, suna bushewa da kansu ko an sha magani ko ba a sha ba, alhali ƙwayar cutar tana nan ɓoye a jijiyoyi har ƙarshen rayuwa. Maganin asibiti irin su acyclovir yana rage zafi da yawan dawowarsu ne kawai. Haka kuma, fiye da kashi 90 cikin 100 na manyan da suka kamu da ciwon hanta nau'in B jikinsu ne ke korar cutar da kansa cikin wata shida. Idan irin wannan mutumin ya sha jiƙo ya sake gwaji ya ga babu cutar, sai a ɗauki hoton takardarsa a mayar da ita talla. Wanda cutar ta zauna masa kuwa, yana iya shafe shekaru ba ya jin komai yayin da hantarsa ke lalacewa, sai ranar da ido ya yi rawaya, ciki ya kumbura.

Ciwon hanta nau'in B da ya zauna a jiki har yanzu ba shi da maganin warkewa, amma tenofovir da entecavir suna danne ƙwayar cutar, suna rage haɗarin ƙeƙashewar hanta da kansar hanta. Mafi munin abin da mayaudaran nan ke yi shi ne umartar majiyyaci ya ajiye waɗannan ƙwayoyi, domin daina shansu farat ɗaya na iya tayar da cutar da ƙarfi har hanta ta gaza. Kuma galibin abin da aka sha hanta ce ke tace shi, don haka haɗin da ba a san sinadaransa ba ƙarin nauyi ne a kanta. Nau'in C kuwa ana warkewa daga gare shi, galibi cikin mako 12 da magunguna irin su sofosbuvir, amma a hannun likita bayan gwaji.

Kada lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta Najeriya, a jikin kwalba ta ruɗi kowa, domin rajistar maganin gargajiya ba shaida ba ce cewa yana warkar da abin da mai talla ya lissafa, balle lambar ma ana iya ƙirƙira ta. Kunya ce ke tura masu hafis da yawa wajen waɗannan mutane, su kuma sun san wanda aka cuta a kan irin wannan ciwo da wuya ya kai ƙara.

Duk wanda gwajin HBsAg, wato gwajin jini na gano ciwon hanta nau'in B, ya nuna yana da cutar, ya nemi likita a auna yawan ƙwayar a jininsa da lafiyar hantarsa, a kuma gwada matarsa ko mijinta da yara. Akwai allurar rigakafi ga wanda bai kamu ba, kuma jariri ana yi masa ta farko cikin awa 24 da haihuwa.