NAS Ya Ƙi Haɗuwa Bayan Canza Faifai: Ka Gyara da Kanka Ko Ka Kai Wa Ƙwararru?

Masu situdiyon hoto a Gombe suna yawan yin wannan tambayar kan NAS, wato akwatin ajiyar bayanai mai faifai da yawa. RAID 5, tsarin da ke haɗa faifan su yi aiki kamar guda, faifai ɗaya kawai yake jure rasawa. Da an sa sabo, sai na'urar ta karance sauran kaf, a nan ne na biyu mai rauni ke sarewa, musamman idan wuta ta ɗauke ba UPS.

Gyaran kai ya fi araha, amma sai ka sayi faifai daidai girman kowanne. Kashe na'urar, rubuta lamba a jikin kowane faifai, ka kwafe su da manhajar kwafin faifai ta ddrescue a kwamfuta mai Linux, sannan ka haɗa kwafin da manhajar haɗa RAID ta mdadm a yanayin karatu kawai. NAS ɗin kamfanonin Synology da QNAP galibi mdadm suke amfani da shi. Kada ka taɓa umarnin --create na mdadm ko format. Nan mutane ke ƙarasa ɓarnar.

Ƙwararru kuwa akwai tsada da jira, galibi sai an tura Abuja ko Legas. Amma faifan da ke ƙas-ƙas, kowace kunnawa ƙara karce shi take yi, ddrescue ba zai cece shi ba.

Wanda ya san Linux, faifansa na juyawa lafiya, ya gwada da kansa. Mai faifai mai ƙara, ko hotunan bikin mutane da ba su da kwafi, ya kai wa ƙwararru.