Kwaɓin puff pastry na kanti: tauraro biyu, shi ma da ƙyar

Tun ranar da abin ya faru nake son rubuta wannan sharhin, maigida ya ce in bari zuciyata ta huce tukuna. To yau kwana tara ke nan ba ta huce ba, don haka gara in amayar da abin da ke cikina.

Magana nake a kan kwaɓin puff pastry ɗin nan da ake sayarwa an riga an murza an naɗe shi a takarda, wanda ake jerawa a firij kusa da bota, mai giram 320. Duk matar da ke zaune a Ingila ta san shi, ta san kuɗinsa, ba sai na kama sunan kamfani ba. Guda biyu na saya ranar 23 ga Disamba don in yi Turkey Wellington. Mu ba Kirsimeti muke yi ba, amma a nan Birmingham ita ce ranar da kowa yake gida, ba aiki, ba makaranta, ko jirgin ƙasa ba ya tashi. Bana kuma ga Hajiya surukata ta zo daga Kano, ga ƙanen maigida da matarsa za su zo cin rana. Na ce bari in burge.

Wadda ba ta taɓa ganin girkin ba, ƙanen Beef Wellington ne. Tsokar ƙirjin talotalo mara ƙashi ake lulluɓewa da soyayyen naman kaza, wato wanda ke tsirowa a ƙasa ba kazar gida ba, sannan a naɗe duka cikin kwaɓin a gasa. In ya fito kamar mitfai ne da ya ci ya ƙoshi. Turawa suna shimfiɗa yankakken naman alade siriri tsakanin naman da kwaɓin, kuma ba don ɗanɗano kaɗai ba, shi ke tare ruwan da talotalon ke fitarwa kada ya jiƙa ƙasan. Ni sai na soya wainar fulawa siririya guda huɗu a madadinsa, kamar 'yar lallaɓa amma ba manja ba attaruhu, na ƙara da alayyahu da na matse ruwansa tas. Naman kuwa tun mako biyu kafin ranar na ba da sautunsa wurin mahaucinmu na halal a Alum Rock, kilo ɗaya da rabi. Daren 24 na jiƙa shi da citta da tafarnuwa da masoro da ɗan kanumfari, na soya bayansa sama-sama, na ɗan gasa, na bar shi ya kwana a firij. Naman kaza rabin kilo na tsaya a kansa kusan minti 25 ina juyawa har ya bushe ya koma ɗan tsiti a gindin kasko. Ina jero wannan duka ne don a san ba da wasa na zo ba.

Da safe wajen sha ɗaya na shimfiɗa kwaɓin. Na farkon ya tsage gida uku wurin warwarewa, amma wannan laifina ne, daga firij na ɗauko shi kai tsaye alhali an rubuta a ba shi 'yan mintoci ya saki jiki. Na lallaɓa na liƙe. Na jera waina, na jera alayyahu, na shafa naman kaza, na ɗora talotalo, na rufe da na biyun, na danne bakin da cokali mai yatsu, na shafa ƙwai, har da zanen ganye na yi masa da bakin wuƙa. Wallahi ya yi kyau. Sai na ce wa 'yata ta ɗauko kwalin daga kwandon shara ta duba mini zafin oben, 200 ne ko 220. Tana juya kwalin sai na ji ta ce, “Umma, me ya sa aka rubuta alcohol a nan?”

Hajiya tana zaune a bakin ƙofar kicin da carbi a hannu. Ba ta jin Turanci, amma wannan kalmar ta san ta. Ta ɗago ta ce, “Kishiya, me kika ce?”

Na karɓi kwalin. Ga shi nan kuwa a tsakiyar jerin kayan haɗi, bayan fulawa da man ja da ruwa, da rubutu ƙanana kamar tururuwa. A gaban kwalin kuma ga kore shar ɗin tambarin nan da ke cewa ya dace da marasa cin nama, babba, ba mai wucewa bai gani ba. Shi na gani a kanti na sa a kwando hankalina kwance, don ni abin da nake gudu kitsen alade ne. Kalmar alkama an rubuta ta da baƙi mai kauri saboda dokar ƙasar ta ce a fito da abubuwan da ke tayar wa mutane da rashin lafiya, su 14. Barasa ba ta cikin sha huɗun nan, saboda haka aka bar ta ta saje. Daga baya na gane dalilin sa ta: ɗan kaɗan ne, don kada ɗanyen kwaɓi ya yi fumfuna ko ya sauya launi yana zaune a firij makonni. Na ji, na fahimta. Amma a gari irin Birmingham, inda in kin shiga wasu unguwannin sai ki rantse a Lahore kike, me zai ci musu su rubuta a gaba?

Maigida ya fara bayani, wai ai ba giyar sha ba ce, kuma malamai sun yi saɓani a kan irin wannan ɗan kaɗan ɗin da ba ya bugarwa. Hajiya ta bar shi ya kai aya, sannan ta ce, “To kai da malaman naka ku ci, ni a dama mini kunu.” Shi ke nan an yanke hukunci. Ni ba fatawa na zo bayarwa ba, kowacce ta tambayi malaminta. Amma ba zan ajiye wa uwar mijina tire a gaba tana kawar da kai ba.

A nan ne na san ranar da na zaɓa. Tun 2004 doka ta hana manyan kantuna buɗewa ranar Kirsimeti a Ingila da Wales, duk wanda girmansa ya wuce murabba'in mita 280. Sai ƙananan shagunan lungu. Maigida ya ɗauki mota ya shiga gari, shago na huɗu ya samu daskararren kwaɓi a ƙasan firiza, dunƙule mai giram 500, ya ɗauko hoton bayan kwalin ya turo mini, muka karanta mu uku har da Hajiya da ba ta karatun boko. Babu. Ya kawo shi kamar bulo.

Kafin ya dawo na kwance naɗin da na ɓata awa guda ina yi. Hajiya ta ce duk abin da ya taɓa kwaɓin a fitar, wainar nan huɗu suka tafi, rabin alayyahun ya bi su. Ƙwan da ya rage mini ɗaya ne, na shafawa, ba halin soya wata. Dunƙulen kuma awa huɗu yake so kafin ya saki, ni ba ni da awa huɗu, na ɗora shi kusa da hita. Gefe ya narke yana maiƙo, tsakiya tana nan kamar dutse. Haka na murza shi da ƙarfin tuwo. Baƙi sun zo ƙarfe ɗaya, aka tare su da cincin da lemo. Aka yi la'asar, aka yi magariba, don kafin ƙarfe huɗu rana ta faɗi, talotalo yana oben. Sai da ma'aunin zafi ya nuna 75 a tsakiyar tsokar na sauke, na bar shi ya huta minti 20. Shida saura muka zauna.

Saman ya yi ja, ya yi ƙamshi. Ina sa wuƙa na ɗaga yanka na farko, ƙasan ya tsaya a tire, fari, jiƙe jagab kamar tuwon da bai nuna ba. Ba wainar da za ta tare ruwa, ga mai ya riga ya narke tun kafin a shiga wuta. Shi irin wannan kwaɓin ai sirrinsa sanyi ne: falle-fallen fulawa da mai ne a jere, in zafi ya buge su farat ɗaya ruwan ciki ya zama tururi ya ɗaga su. In man ya narke tun a waje, babu abin da zai tashi. Matar ƙanen maigida, Allah ya saka mata, ta ce, “Yaya, ai naman ya yi daɗi,” tana ture ƙasan gefen faranti da cokali. Naman kam ya yi. Yaji ya ratsa shi, bai bushe ba, kuma miyar cranberry da na saya a kwalba ta zauna da shi, tsaminta kamar na zoɓo. Hajiya ma ta ƙara yanka biyu, ta ce talotalon ya fi na Sallah laushi.

Yanzu bari in yi adalci, don da tauraro ɗaya na shigo. Kwaɓin da na kwance ban zubar ba. Maƙwabciyarmu, wata tsohuwar Baturiya da ke zaune ita kaɗai, na ƙwanƙwasa mata na yi mata bayani, har da cewa ya taɓa nama sai ta gasa shi a ranar. Ta yi dariya ta karɓa. Bayan awa guda sai ga ta da tire a hannu ta zo nuna mini: ta yayyanka shi ta barbaɗa cuku ta murɗa. Kwaɓin da na tsaga, na liƙe, na shafa wa ƙwai, na sake ɓanɓarowa, ya tashi ya kumbura har kusan yatsa biyu, falle-falle kamar shafin littafi. Na tsaya ina kallo raina yana ƙuna, don da shi na gasa da kwalliya ta biya kuɗin sabulu. A wurin aiki ba shi da makusa. A tsaye a bakin ƙofar nan na ce a raina wannan ai na tauraro huɗu ne, laifin nawa ne da ban juya kwali ba.

Sai da na zo wanke-wanke na tuna sauran. Faifan ƙarami ne, tsawonsa wajen santimita 35, faɗinsa bai kai 25 ba, kilo ɗaya da rabi na talotalo ba ya shiga guda ɗaya, dole ki sayi biyu, kuma ko da biyun sai da na ja gefe har ya yi shara-shara. Ba bota ba ce a ciki, man ganye ne, mai botar daban yake kuma ya fi tsada, ga kwalayen sun yi kama da juna kamar Hassan da Hussaini. Sannan na sake ɗauko kwalin na riƙe shi a nesa irin yadda mutum ke riƙewa a kanti, da tabarau a idona, ban iya karanta layin nan ba sai da na matso da shi gaban hancina. Yarinya 'yar shekara 12 ce ta gano, ita ma don na aike ta neman wani abu daban. Da ban aike ta ba da mun ci mun sha ruwa, Hajiya ta koma Kano ba ta sani ba, ni kuma in gano a watan Maris in rasa inda zan sa kaina.

Don haka biyu. Ɗaya na tashin da na gani a tiren maƙwabciya, ɗaya na takardar da yake zuwa a naɗe da ita, wadda ake shimfiɗawa a gasa a kai. Hajiya kuwa tun ranar duk abin da aka shigo da shi gidan nan, har ruwan roba, sai ta miƙa wa kishiyarta ta ce ta karanta mata bayan.