Yaya, na je ƙirgen tsuntsaye a cikin ƙanƙara

Salam Yaya, ina gajiya, ya sanyin Damagaram? Ko da yake kunya ma nake ji in kira abin da kuke ciki sanyi, ranar da zan ba ka labarinta ma'auni ya nuna 17 ƙasa da sifiri a nan Ottawa ta Kanada, gashin hancina har daskarewa ya yi wallahi. Ka ce in riƙa ba ku labarin kaya da yadda ake hidima a nan, to ga wani da na san in ka karanta wa Inna sai ta ce yaron nan ya fara taɓuwa.

Wata dattijuwa ce da muke aiki wuri ɗaya ta ce in raka su ƙirgen tsuntsaye ranar Lahadi, na ce ƙirgen me? Na ɗauka gonar kaji gare ta. Ashe tsuntsun daji ne, wanda ba na kowa ba, kuma ba a biyan kowa ko sisi. Abin ya samo asali tun 1900, wani Ba'amurke Frank Chapman ya ga mutane sun maida fita harbin tsuntsu ranar Kirsimeti gasa, ya ce maimakon a harbe a ƙirga mana, mutum 27 suka fara. Yanzu ƙungiyar Audubon ke riƙe da shi, kowace shekara daga 14 ga Disamba zuwa 5 ga Janairu, ana zana da'ira mai faɗin kilomita 24 a raba ta gunduwa-gunduwa kowace tawaga da yankinta. Mu huɗu aka ba mu hanyar ƙafa da ke bin bakin kogin Rideau.

Kafin ranar sai da na yi sayayya, nan ne maganarka ta shigo. Takalmin ƙanƙara sabo na tarar da shi dala ɗari da hamsin, kuma kar ka ji dala ka ɗauka irin tamu ta sefa biyar, kowace ɗaya ta kai sefa ɗari huɗu, kai ka yi lissafi. Abin haushi farashin da ke manne jikin kaya ba shi za ka biya ba, sai ka je wurin biya su ɗora harajin kashi 13 cikin ɗari, kuma babu zancen "rage mini", yarinyar kallonka kawai za ta yi tana murmushi har ka ji kunya da kanka. Na ajiye musu abinsu na nufi shagon gwanjo, e akwai gwanjo a nan ma, har masu manyan motoci na shiga, na samu mai kyau a dala 25. Kwana biyu ƙasan ɗaya ya buɗe baki, na yi ta yawo ina neman mai gyaran takalmi, da ƙyar na samu guda ɗaya a wata unguwa mai nisa, ya ce in dawo bayan sati kuma kuɗin ɗinkin ya kusa kuɗin takalmin. Na tuna mutanenmu na bakin Kasuwar Dole, kana tsaye da ƙafa ɗaya bisa ɗaya ana ɗinke maka kuna hira, ka ba da ɗari biyu har ya yi maka addu'a. Gam na sayo na liƙe abina da kaina.

Amma gaskiya akwai abin da suka iya. Akwai wata 'yar jaka kamar ta ganyen shayi, ka yage ledar ka girgiza ka sa cikin safar hannu, sai ta yi ta ɗumi awa da awanni ba wuta ba batir. Na ce da masu kabu-kabu na Zango za su samu wannan da asubar hunturu ai da sun huta. Bas kuma da ɗuminsa a ciki, hanyar bakin kogin kyauta ce ba mai tsayar da kai ya ce kawo, ga alluna an rubuta komi da Turanci da Faransanci.

Mun fara wajen bakwai da rabi, lokacin ne ma gari ke wayewa. Dattijuwar ta ara mini jumel ɗinta, tabaran hangen nesa ke nan, ta miƙo mini fensir, ta ce biro daskarewa yake, kuma gaskiyarta. Wayata da na cika dam ita ma kafin goma ta mutu, sanyi na shanye batir kamar ba a taɓa caji ba.

Kogin ya daskare sai wuraren da ruwa ke gudu da ƙarfi, nan agwagin ruwa suka taru suna iyo hankali kwance, ni da riga huɗu ina karkarwa. Ƙa'idar ita ce abin da ka gani ko ka ji kukansa ka tabbatar shi za ka rubuta, ba "ina jin kamar" ba, kuma kar a ƙirga tsuntsu ɗaya sau biyu. Agwagi 43 muka samu a wuri ɗaya, sai da muka maimaita sau uku don ni 50 nake samu kullum. Hankakinsu baƙi ne wuluk, ba shi da farar rigar namu. Akwai wani ja jawur mai tukku, akwai mai ƙwanƙwasar itace, sai wani ɗan mitsitsi mai baƙar hula da suke kira chickadee, shi ya tafi da ni. Matar ta zuba mini 'yan ƙwayoyi a tafin hannu ta ce in tsaya cik, ban yi minti ɗaya ba ya sauka bisa yatsana, ƙafafunsa kamar tsinken ashana, nauyinsa bai kai na ƙwallon goro ba, ya dube ni da ido ɗaya ya zaɓi babbar ƙwaya ya tashi. Yaya ka san mu da danƙo muka tashi, ban taɓa riƙe tsuntsu mai rai ba sai wanda zan yanka.

Dabbobi su ba sa cikin lissafin ƙungiyar, shugaban tawagarmu ne ke rubuta su a littafinsa don kansa. Kurege 11, wasu baƙaƙe ƙirin, zomo ɗaya, sauran duk sawu ne bisa ƙanƙara. Nan fa na yi musu bajinta, suna ta buɗe littafi suna gardama na ce wannan zomo ne ya yi tsalle nan, wannan kuma dila ne ke bin sa a layi ɗaya, suka ce a ina ka koya, na ce a rairayin gonar Kawu hanyar Mirya. Mun ga bishiyar da beaver, wata dabbar ruwa mai manyan haƙora, ya gwaguye kamar an fere fensir, shi ne dabbar da ke jikin kwabonsu na santi biyar, amma shi kansa yana can ƙarƙashin ƙanƙara cikin ɗakinsa.

Abin da ya fi ɗaure mini kai sai da muka biya wani shago a hanyar dawowa. Buhu-buhu na abincin tsuntsu, 'ya'yan furen rana haɗe da wani ɗan gero, mutane na saye da kuɗinsu su rataya a bayan gida don tsuntsun Allah ya zo ya ci. Na tsaya gaban buhun ina tuna yadda Baba ke tada mu da asuba mu je korar jan baki da gwangwani da majajjawa, muryarmu har ta dishe. Na gaya wa matar ta yi dariya, sannan ta tambaye ni, to ungulu nawa ke garinku? Na buɗe baki na rasa amsa. Ka tuna yadda suke cika mahauta muna yara har sai an kore su? Zuwana na ƙarshe ko ɗaya ban gani ba, kuma ban ji wanda ya ce ga shekarar da suka fara raguwa ba. Su nan in ka tambaya sai a buɗe maka kwamfuta a nuna maka lissafin shekara sama da ɗari.

Huɗu da 'yan mintoci rana ta faɗi, na yi la'asar da magariba kusan a jere, aka sayo mini kofi cikin kofin takarda kowa ya sha nasa a mota, ba zaman shayi ba zagaye na biyu balle na uku.

Dan Allah ka ce wa Abba ya sa Merlin, manhajar gane tsuntsaye, a wayarsa, kyauta ce, sai dai tana son intanet wajen saukewa, zan turo masa kuɗin kati. In shamuwa ta dawo gabanin damina ya ƙirga mini sheƙa nawa ke bisa tsamiyar bayan gidanmu ya rubuta da kwanan wata, in kuka je Gidimuni ma ya duba bakin tabkin. Kilishin da Inna ke son ba wa mai zuwa kar a ba shi, kwace nama suke a filin jirgi har da tara, kuka da daddawa dai ya nuna musu in an tambaye shi. Ka gaishe da Inna da Kawu da su Hajiya na Birni.