Kendama Ta Da Ko Ta Yanzu: Wacce Ta Cancanci Kuɗinka?

Kendama abin wasa ne na Japan, na katako da zare ɗaya. Akwai sanda mai tsini, ken, ɗauke da ƙoƙuna uku: babba da ƙarami a gefe da gefe, a guntun katako daban da aka zura wa sandar, na ukun a gindi. Sai ƙwallo mai rami, tama, da ake cillawa sama a cafe a ƙoƙo ko a soke da tsinin. Kafin ka tambayi wacce ta fi kyau, ka fara yanke wa kanka hukunci: wasa za ka yi da ita ko ajiyewa? Domin wasa cin kendama yake yi. Tsini yana dakushewa, bakin ramin ƙwallo yana lotsawa, fenti yana ɓarewa duk inda ya bugi gefen ƙoƙo. Wanda ya kashe kuɗi mai yawa a kan tsohuwa sannan ya koyi wasa da ita, ya lalata abin da ba za a sake ƙera irinsa ba.

Tsofaffin kendama kashi uku ne. Na farko, mafi tsufa, su ne na zamanin da siffar nan ta fara bayyana. Wasan cafe ƙwallo ya daɗe a Faransa, ya shiga Japan ta tashar Nagasaki a zamanin Edo (1603 zuwa 1868), amma mai ƙoƙuna uku da muka sani yau wani mutumin garin Kure a yankin Hiroshima ne, Egusa Hamaji, ya yi mata rajista a 1919 da sunan Nichigetsu. Daga 1921 masassaƙan garin Hatsukaichi suka shiga ƙera ta da yawa. Samun ta wannan lokaci da wuya, tabbatar da shekarunta ya fi wuya, tunda yawanci babu sunan maƙeri a jiki. Duk ɗan gwanjon da ya ce tasa ta kafin yaƙin duniya na biyu ce, ka nemi hujja: kwalinta na asali, ko takarda, ko bayanin gidan da ta fito. Duhun katako kaɗai ba shaida ba ne. Ni dai ba na ba sabon shiga shawarar ya fara daga nan.

Kashi na biyu su suka cika kasuwar na hannu: kendamar tsaraba da ake sayar wa matafiya a garuruwan shaƙatawa, mai zoben ja da kore da rawaya, wata ma an yi mata fuskar 'yar tsana. Suna da kyau a kan kanta, kuma ba tsada. Sai dai ba don gasa aka yi su ba. Ƙoƙunan ƙanana ne, ƙwallon takan yi wa sandar nauyi ko rashin nauyi, zaren kuma sau da yawa da 'yar ƙusa aka kafe shi. Idan fentin tsoho ne, kar a bar ta hannun yaron da ke kai komai baki.

Inda na fi so mai saye ya tsaya ya duba da kyau shi ne kashi na uku, masu hatimin Ƙungiyar Kendama ta Japan, JKA. Fujiwara Issei ne ya kafa ƙungiyar a 1975, ita ce ta daidaita girma da siffa don 'yan wasa su yi gasa da kaya iri ɗaya: tsawo wajen santimita 18, faɗin ƙwallo santimita 6. Wadda ta cika sharaɗi ana manna mata hatimi a jikin sanda, kuma da irinta ake jarrabawar hawa matakan ƙwarewa da ake kira kyu da dan. Hatimin nan shi ne takardar shaidarta, shi ke nuna samfurin, saboda haka wadda aka ɓare wa shi darajarta ta ragu sosai a wurin masu tarawa. A nan za ka ci karo da samfura irin su Shin-Fuji, da TK16 mai ƙwari da fenti mai santsi, da kuma Mugen ta masassaƙi Iwata Kazuma a Hatsukaichi, wadda aka san ta da zurfin launi da sheƙi. An daina ƙera Mugen ta farko, daga baya gidan ya dawo da Mugen Musou, shi ya sa tsofaffin suka yi tsada ninkin ba ninkin, kuma su aka fi yi wa ƙaryar asali. Abin da ke burge ni da wannan kashi shi ne ana iya haɗa biyu, wasa da ajiya. Ka samu TK16 da wani ya riga ya more, mai tabo a bakin rami, ka saye ta da araha ka ci gaba daga inda ya tsaya, hankalinka kwance.

Santsin fentin irin waɗannan tsofaffin ba aibi ba ne, amma ka san da shi. A salon todai, inda ake tsayar da sanda a kan ƙwallo da gindinta, sabuwar ƙwallo mai sheƙi zamewa take yi, sai ta sha hannu ta ɗan yi kaushi kafin ta fara riƙewa. Masu haƙuri suna cewa hakan ke gyara musu gwiwa da ido, kuma na yarda da su.

Wanda wasa kawai yake so, ya sayi sabuwar Ozora ta kamfanin Yamagata Koubou da ke garin Nagai. Tana da hatimin JKA, aikinta tsaf, farashinta da sauƙi, in ta ƙare ka sayi wata. Akwai kuma na zamani irin Sweets ta Amurka da KROM ta Denmak, masu faffaɗan ƙoƙo da fenti mai danƙo, irin waɗanda ake gani da yawa a gasar duniya da ake yi a Hatsukaichi tun 2014. Suna sa a iya salo da wuri, amma hannun da ya saba da su yakan sha wuya in ya koma kan ta da.

Yawancin tsofaffin a kasuwannin intanet na Yahoo Auctions na Japan da Mercari suke, kuma daga waje sai ta hannun dillalai irin Buyee ko ZenMarket. Ka lissafa ladan dillali da kuɗin aikowa da na kwastan tun kafin ka taya, domin sukan zarce kuɗin kayan. Ka duba hoton tsini, da bakin ramin ƙwallo, da hatimi daga kusa, da wurin da ƙoƙuna suka zauna a kan sanda, don a nan tsagewa ke fara bayyana. Zare ba abin damuwa ba ne, ana canza shi.

Akwai abin da ya shafe mu musamman. Katakon da ya shekara talatin a danshin Japan, in ya sauka Kano ko Damagaram cikin hunturu, tsukewa yake yi. Ƙoƙunan kan saki su fara juyawa a kan sanda, ƙwallo kuma tana iya tsagewa daga bakin rami. Kar ka bar ta a mota ko kusa da taga mai rana. Ka sa ta a jakar yadi cikin akwati, nesa da bangon da gara ke bi. In ƙoƙunan sun saki, danna su ƙasa da hannu a hankali ya isa, kar ka yi saurin zuba gam a kan ta tarihi. Bahago kuma ya duba ta wane gefe zare ya fito, domin yawanci a ɗaurin hannun dama ake sayar da su, sai ya zare ya mayar ta ɗaya ɓangaren.