Saiwar Naman Kaza ko Fatar Kombuca: Wacce Mai Fasaha Zai Ɗauka?

In siffa mai tsayuwa da kanta ake so, saiwar naman kaza, wato farin zaren da lemar kwaɗi ke tsirowa daga gare shi, ta fi. A turara jiƙaƙƙen garin katako kilo 1, ya huce, a gauraya da irin naman kaza giram 200, a danna cikin mazubi. Bayan kamar mako 2 farin zare zai ɗaure shi tamau, sai a gasa a zafin digiri 80 na ma'aunin Celsius don tsiron ya tsaya. In koren funfuna ya fito, ya gurɓace, a zubar kawai.

Fatar kombuca, wato yanar da ke taruwa a saman shayi mai sukari in ya yi tsami, ta fi sauƙi: shayi lita 1, sukari giram 100 da irin kombuca, a bar su mako 3 a faffaɗan faranti. In ta bushe tana ɗinkuwa, amma laimar damina na sa ta danƙo, sai an shafe ta da kakin zuma.